Kofin da Bai Isa Bencin Baya Ba

A shekarar da mijinta ya rasu Tela, kamar yadda ake kiranta saboda sana'arta ta ɗinki, ta kusa ɓacewa, Allah kuma ya taro ta tun ba ta yi nisan da ba a dawowa ba. Wanda ya gan ta a lokacin ba zai ce haka ba, don ba ta taɓa fashin sujada ba, kuma ita ce ma mai shirya teburin Jibin Ubangiji a majami'arsu, wato gurasa da kofin inabin da ake rabawa don tunawa da jiki da jinin Yesu.

Ta daɗe tana wannan aiki. Lahadin farko na kowane wata takan riga kowa zuwa. Ta shimfiɗa farin mayafin da ta goge tun jiya, ta yayyanka gurasa ƙanana-ƙanana, ta jera 'yan kofuna a farantai. Farantan na katako ne, kowanne da ramuka inda kofi ke zama daram. Mijinta ne ya sassaƙa su, shi kafinta ne, kuma ko bayan ya tafi in ta shafa gefensu tana jin santsin da hannunsa ya bari.

Duk farantan takan cika su da ruwan inabi kafin a fara sujada, ban da guda ɗaya, na bencin baya. Mutanen baya ba su da tabbas. Masu zuwa a makare ne, da masu jarirai, da waɗanda suka fito daga aikin safe. Wani watan su cika, wani watan su yi kaɗan. Don haka sai ana cikin wa'azi take ɗaga gefen labulen ɗan ɗakin da ke bayan bagadi, ta leƙa ta ga yawansu, ta zuba daidai da su. Ba ta son ko ɗigo ya lalace. Dattijon da ke kai farantin baya, wani tsoho mai tabarau masu kauri, yakan miƙa shi a bakin benci, mutane su riƙa ba juna, shi kuma ya zagaya ya karɓa a ɗaya bakin. In ya dawo da shi wayam sai ya ce, "Tela, idonki ya fi ma'auni. Ko ɗaya bai yi saura ba."

Kafinta ya faɗi ne da safe a bakin shagonsa, hannunsa dafe da ƙirji. Tela ta kira ƙaninsa Auta a waya, don shi ne mai mota a dangi, tasi yake ja. Auta ya ce yana ɗauke da fasinjoji, bari ya sauke su ya zo. Yayan nasa ya saba yin irin wannan jiri, ya sha ruwa ya miƙe, shi ya sa Auta bai ɗauki abin da zafi ba. Da ya iso aka kwantar da Kafinta a kujerar baya, kansa a cinyar Tela. Ba su kai ƙofar asibiti da shi da rai ba.

Auta kuwa kamar ɗanta ne. Lokacin da ta shigo gidan yana ƙaramin ɗan makaranta, ita ke masa wanki, ita ta ɗinka masa wandonsa na farko mai aljihu. Yana kiranta matar Yaya, ita tana ce masa maigida ƙarami, kullum suna cikin tsokanar juna. Amma tun daga ranar jana'iza ba ta ƙara ce masa uffan ba. Ya zo gaisuwa, ta shige ɗaki. Ya aiko da kayan abinci, ta mayar. Shi ma da ya ga haka sai ya bar bencin da danginsu ke zama, ya koma can ƙarshen bencin baya, dab da ƙofa, inda faranti ke isa a ƙarshe.

Karon farko kuskure ne. Wani baƙo ya shigo bayan ta riga ta leƙa ta zuba. Tana tsaye bayan labule ta ga faranti ya iso hannun Auta babu komai a ciki sai kofunan da aka shanye. Ka'idar majami'ar ita ce wanda bai samu ba ya ɗaga hannu a kawo masa. Auta ya dubi farantin, ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa dattijo. Dattijo bai lura ba.

Abin da Tela ta ji a lokacin ba tausayi ba ne. Wani daɗi ne ya ratsa ta, kamar an sosa mata inda ya daɗe yana mata ƙaiƙayi.

Da wata ya zagayo ta leƙa ta ga yawansu sarai. Ta zuba, ta zuba, har ta zo kan kofin ƙarshe, ta tsaya da butar a hannu. Sai ta ji a cikin ranta, a fili kamar mutum ne a gefenta, an ce mata: zuba. A daidai lokacin Fasto yana gaba yana faɗin abin da yake faɗa kowane Jibi, cewa kowa ya binciki kansa, wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya je ya shirya da shi kafin ya miƙa hannu. Ta cire kofin daga raminsa, ta mayar da shi cikin kwalin kofuna.

Wannan makon ba ta ji daɗin duniya ba. Abinci ya ƙi shiga. Ta ɗinka hannun riga a juye, ta farke, ta sake juya shi. Ko'ina ta juya maganar na biye da ita. Ranar da abin ya ishe ta ta durƙusa a gefen gado ta ce, "Ubangiji, ka ɗauke min miji ban yi maka gardama ba. Wannan ɗaya ka ƙyale ni da shi. Ka ƙyale ni."

Mai taya ta wanke kofuna bayan sujada wata tsohuwa ce da kowa ke kira Kaka Rediyo, don bakinta ba ya hutawa. Kusa da baya take zama saboda gwiwoyinta na son wurin miƙewa. Da abin ya sake faruwa, suna tsugune gaban bahon ruwan sabulu, sai Kaka ta ce, "'Yar nan, idon naki ne ya fara tsufa? In kai ki wurin mai tabarau ku zama biyu da dattijo?"

"Me ya faru, Kaka?"

"Ƙanin mijinki ya koma gida da rabin Jibi. Ba yau ne farau ba."

"To ya ɗaga hannu mana. Karyewa ya yi?"

"Na ce masa ya ɗaga. Ya ce min ba komai, Kaka. Kin san ba zai ɗaga ba. Ke ma don kin sani ne kike yi."

"Kaka, ki wanke kofinki ki bar ni."

"Zan wanke. Amma teburin nan ba na gidanki ba ne. A gidanki ki hana shi ko ruwan sha, sai dai in ce kin yi rowa. Nan kuwa 'yar aike ce ke. Mai abin ya ce a ba kowa, ke wace ce da za ki zaɓa?"

Tela ta buga kofin da ke hannunta a gefen baho har ya tsage. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar tsohuwa da wanke-wanke.

Daga nan abin ya riƙa sauƙi. Watan da ya biyo ta ɗan yi jinkiri kafin ta cire kofin. Na bayansa ko kaɗan ba ta yi ba. Muryar nan da ke ce mata zuba ta yi ta yin nisa, kamar ana magana a gidan maƙwabta, har wata rana ta daina ji gaba ɗaya. Barcinta ya dawo. Ta koma cin abinci, kumatunta suka ciko. Matan zumuntar majami'a suna cewa, "Kai, mun gode Allah, Tela ta warware." Ita ma haka ta ɗauka. In Fasto ya zo kan maganar shiryawa da ɗan'uwa, tana bayan labule tana tunanin ɗinkin da za ta yanka gobe. Kaka ta sake mata magana, ta kuma sakewa. Tela ba ta ƙara fushi ba. Sai ta yi murmushi ta ce, "To, Kaka, na ji."

Sai wata Lahadi ta leƙa ta ga ƙarshen bencin babu kowa. Auta bai zo ba. Ta zuba daidai, faranti ya dawo wayam, dattijo ya yaba idonta.

A wurin wanke-wanke ranar Kaka Rediyo ba ta ce komai ba. Ba labarin gwiwa, ba tsegumin wadda ta sa takalmi mai tsini. Sai ƙarar kofuna kawai. Da suka gama ta goge hannu a zanenta ta ce, "Na so in kai ki wurin Fasto. Na yi ta jira ko za ki kai kanki. Yanzu dai ni na daina."

"Daina me, Kaka?"

"Yi miki magana. Ranar da kika fasa kofin nan da murna na koma gida. Na ce akwai mai rai a ciki, an taɓa ya ji zafi. Yanzu murmushi kike min. Ni ban san abin da ake ce wa mai murmushi ba. Addu'ata dai kada wanda ya fi ni shi ma ya yi shiru."

Tela ta ce, "Allah ya huta gajiya, Kaka," ta kulle ɗakin ta tafi gida.

Cikin makon nan matar Auta ta shigo shagon Tela da wandon makarantar ɗansu, zif ya lalace. Ita dai ba ta taɓa daina gaishe da Tela ba, ko da amsar ba ta wuce kalma ɗaya. Ta zauna a kan kujerar masu jira, tsakanin tarin yadi da dutsen guga, Tela na farke tsohon zif ɗin.

"Yaya, ni kam ban san wa zan gaya wa ba," in ji ta. "Mutumin nan ya daina addu'a. Ko a kan abinci ba ya yi. Na ce mu je sujada, ya ce me zai je yi inda aka riga aka ba shi amsa."

Tela ta sa wandon a ƙarƙashin allura ta fara taka keken ɗinki.

"Ya ce tun rasuwar yayansa yake roƙon Allah ya nuna masa ko an yafe masa. To wata bayan wata gurasa tana isowa gare shi, kofi ba ya isowa. Kowa ya samu, sai shi kaɗai. Ya ce jikin an ba shi, jinin an hana shi, kuma jinin ne ke wanke mutum. Na ce masa kuskure ne. Ya ce matar Yaya ba ta kuskure a awo, kowa ya sani. In kofi ya ƙare a kansa, to daga sama ne."

Keke na ta tafiya. Tela ta kai ƙarshen zif, ta juya, ta dawo, ta yanke zare da haƙori. Ta miƙa wandon ta ce, "Ga shi. Ki ce wa yaron ya daina ja da ƙarfi."

Bayan matar ta fita sai Tela ta zauna, ƙafarta a kan matakin keke. Ta san abin da ta ji yanzu babban abu ne. Yaron da ta raina ya yarda Allah ya ƙi shi, kuma da hannunta aka yi. Ta duba cikin ranta ta ga me ke ciki. Ba tausayi. Ba kunya. Ko daɗin nan na farko babu. Kamar ta sa hannu a tukunyar ruwa ta tarar da ita a bushe.

Nan ne gabanta ya faɗi.

Ta shiga bayan labulen da masu ɗinki ke gwada kaya, ta durƙusa a kan guntayen yadi, ta buɗe baki za ta yi addu'a. Kalmomin suka fito, amma kamar tana magana a ɗakin da aka kwashe kaya. Sai ta tuna ranar da ta durƙusa a gefen gado. Ta roƙa a ƙyale ta, ga shi an ƙyale ta. Barcin da take yi da ƙibar da ta yi ba warkewa ba ne.

"Ubangiji, kada ka ƙyale ni," ta ce. "Na janye waccan maganar. Ka yi min faɗa. Ka hana ni barci in ka ga dama. Kada dai ka yi shiru."

Ba ta ji komai ba. A waje mai gyaran babur yana ta buga ƙarfe, wata mota ta wuce da kiɗa. Ta daɗe a durƙushe har gwiwoyinta suka yi tsami. Can sai ta ga cewa sabuwar magana take jira, alhali tsohuwar na nan ba ta yi ba. An ce mata ta zuba, an ce mata ta je ta shirya da ɗan'uwanta. Ba a janye ko ɗaya ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaren da ya manne a zanenta, ta rufe shago da rana tsaka. Maƙwabciyarta mai gyaran gashi ta leƙo ta ce, "Ina zuwa haka, ga masu ɗinki za su zo?" Ta ce, "Ki ce su dawo gobe."

Ta tafi ne zuciyarta na nan a bushe. Ƙafafun kawai ta sa suka bi umarni.

A tashar tasi ta same shi yana wanke mota da bokiti da tsumma. Daga baya ta gane shi, amma sai da ta sake dubawa. Rigar na lilo a jikinsa. Wuyansa ya yi siriri kamar lokacin da yake yaro in ya tashi daga zazzaɓi. Wani direba da ke zaune a inuwa ya ce, "Auta, ga fasinja ta musamman, ka goge kujera da kyau."

Ya juyo. Tsumman ya faɗi cikin bokiti.

"Matar Yaya? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Zo mu zauna."

Suka zauna a wani benci a bayan rumfar tashar, nesa da sauran direbobi. Ya zauna can ƙarshe, hannayensa jiƙe a tsakanin gwiwoyi. Tela ba ta iya kwana-kwana ba, don haka ta faɗa kai tsaye.

"Kofin da ba ya iso ka, ni ce. Na farko kuskure ne. Sauran da gangan na yi. Ina leƙowa in gan ka, in cire ɗaya in mayar cikin kwali."

Ya dube ta kamar da wani yare ta yi magana.

"Ke ce?"

"Ni ce."

"Kowane wata?"

"Kowane wata."

"Da hannunki kike cirewa? Ba wai yana ƙarewa ba ne haka kawai?"

"Auta, na ce maka ni ce."

Ta shirya wa zagi. Ta shirya ya tashi ya bar ta a nan. Sai ta ga ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza, ta kasa gane kuka yake ko dariya. Ashe duka biyun ne. Ya ɗago hawaye na bin gemunsa, bakinsa a buɗe.

"Wayyo Allah, na gode maka! Ashe matar Yaya ce! Matar Yaya ce kawai!"

"Kawai?"

"To ke ai na san fushinki! Ba ke kika hana ni abincin rana ba ranar da na yanke yadin mutane na ɗaure ƙwallo? Fushinki zan iya ɗauka. Ki shekara goma ba ki min magana ba, zan jira. Ni na ɗauka can sama ne aka rufe min ƙofa." Ya share fuska da gefen riga, ya ja numfashi mai tsawo kamar wanda aka ciro daga ruwa. Da ya sake magana dariyar ta tafi. "Amma kin cuce ni, matar Yaya. Akwai ranar da nake kan gada da mota, ni kaɗai, na ce in Allah ba ya so na to me nake jira. Tunanin yaran nan ne ya riƙe min sitiyari."

A nan ne abin ya zo mata. Kamar an ɗora mata dutsen guga mai zafi a ƙirji. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta ji girman abin da ta yi, da wanda ta yi wa, da teburin wanda ta yi a kai. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ko ranar jana'iza ba ta yi ba. Yana ciwo ƙwarai, amma a cikin ciwon tana cewa a ranta, na gode, na gode, ba ka tafi ba.

"Na cuce ka," ta ce da ta samu murya. "Na saɓa wa Allah, na cuce ka. Ka yafe min."

"Na yafe. Ni fa?" Bai dube ta ba. "Da na sauke mutanen nan a bakin hanya. Da sun zage ni sun hau wata motar, shi ke nan. Kullum sai na sake tuƙa hanyar nan a kaina."

"Da ka zo da wuri."

"Da na zo."

"Ban sani ba ko da ya rayu. Kai ma ba ka sani ba." Ta fyace hanci da bakin gyale. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Auta. Har yanzu in na tuna safiyar nan raina na ɓaci. Amma na yafe maka a gaban Allah, zuciyar kuma za ta biyo baya ko tana so ko ba ta so. Yayanka da yana nan da tuni ya haɗa kanmu ya gwara."

"Da ni zai fara," in ji Auta. "Kullum ke yake goya wa baya."

Direban nan na inuwa ya leƙo bayan rumfa ya ga su biyun idanu jajur. Ya ce, "Kai Auta, kuɗin motar ne ya yi yawa haka har kuke kuka?" Auta ya jefe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Tela ta miƙe ta ce, "Tashi ka kai ni gidan Fasto."

"Yanzu? Ai mun gama tsakaninmu. Ba sai kowa ya ji ba."

"Naka ne muka gama. Teburin ba nawa ba ne, ba naka ba."

Tun ranar da mijinta ya rasu ba ta ƙara shiga motar nan ba. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta ɗan juya ta dubi kujerar baya. Kujera ce kawai, an sake mata riga, wani fasinja ya manta lema a kai. Ta juyo ta gyara zama.

Fasto yaro ne a kanta, Mama yake kiranta, kuma ita ta ɗinka labulen falonsa. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Ta yi zaton zai ce ba komai, baƙin ciki ne ya jawo. Bai ce haka ba. Fuskarsa ta canja, ya ajiye tabaransa a kan tebur.

"Mama, kin san abin da kika yi? Kin tsaya tsakanin mutum da Mai Cetonsa, kin sa shi ya gaskata ƙarya game da Allah. Kuma an yi miki gargaɗi, ba sau ɗaya ba. Ni ma da laifina, tunkiya ta rame a gabana ban lura ba. Amma ba zan rufe wannan ba. Za ki sauka daga aikin tebur. Za ki zo gaban dattawan majami'a ki faɗa da bakinki. Su za su ce har yaushe."

Kowace kalma ta shige ta kamar allura. Aikin nan shi ne abin da ya rage mata da take taɓa aikin hannun mijinta. Ta ji zafin rabuwa da shi sosai. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, Fasto."

Ya dube ta da mamaki. "Godiya kuma, Mama? Faɗa fa nake miki."

"Na sani. Yana shiga. Shi ya sa."

Sai ya ce su durƙusa. Ya yi addu'a gajeriya cikin sunan Yesu, ta ce amin, kuma wannan karon ta ji amin ɗin ya tafi wani wuri. Da za ta fita ya ce ta turo masa Auta gobe da safe, akwai doguwar magana tsakaninsu.

A waje Auta na jingine da mota yana jira. Da ya ga idanunta sai ya taso.

"Me aka ce?"

"An sauke ni. Zan tsaya gaban dattawa."

"Haba! Bari in shiga in roƙa miki. Ai ni aka yi wa, na ce na yafe."

"Kada ka kuskura. Da ƙyar na samu aka yi min faɗa, za ka je ka ɓata min? Shiga mota. Kai ma gobe yana nemanka, ka aske gemun nan kafin ka zo, kamar ɗan fashi."

Ya shiga yana gunaguni, ya tada mota. Jikinta duk ya mutu kamar ta yi wankin gida guda, amma numfashinta na sauka har ciki. Ta sauke gilashi iska ta shigo.

"Shago ko gida?" in ji shi.

"Gidanka. Yunwa nake ji, ban kuma dafa komai ba."

"To sai dai ki yi haƙuri, matar Yaya. Girkin mutuniyar taki har yanzu gishiri ne ke jan ragama."

"Zan gaya mata ka ce haka."

"Ki rufa min asiri," ya ce, ya sa sigina ya hau titi.